A Auna Ƙarfi Kafin a Taya Gida

Yau maganarmu a kan sayen gida ne da kuɗin banki. Galibi mutum yakan fara da bin dillali unguwa unguwa, in ya ga gidan da ya kwanta masa a rai ya taya, a sallama, ya ba da kafin alƙalami, sa'an nan ya nufi banki neman cikon kuɗi. In banki ya ce ƙarfinsa bai kai ba, sai ciniki ya warware, la'ada ta salwanta, mutunci ya zube.

Abin da ya kamata shi ne a fara da banki. Mutum ya je ya bayyana abin da yake samu a wata, da bashin da ke kansa, da abin da ya tara. Su kuwa su yi lissafi su gaya masa kimanin abin da za su iya ba shi. Yawanci ba a so biyan wata ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, watau mai naira 150,000 kada biyansa ya haura 50,000. Wanda ya san wannan tun fari ba zai taya gidan da ya fi ƙarfinsa ba.

Amma a lura da abu uku. Na farko, wannan lissafi ƙiyasi ne bisa faɗin bakinka, ba alkawari ba ne. Sai an binciki takardunka da takardar mallakar gidan kana a tabbatar, kuma Dokar Ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar Gwamna sai da iznin Gwamna. Saboda haka kada a saki kuɗi sai da sharaɗin mayarwa in banki ya ƙi.

Na biyu, ɗan kasuwa ba shi da albashi, shaidarsa ita ce shige da ficen kuɗi a asusunsa. Wanda ke ajiya a shago, ko da ya fi ma'aikaci samu, ba shi da abin nunawa. Sai ya fara gyara wannan da watanni.

Na uku, a wannan zama ne ake tambayar irin cinikin. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, rancensa da ruwa ne. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da makamantansa, sukan sayi gidan su sayar maka da riba sananniya, ko su ba ka haya har ka mallaka. Mai gudun riba ta haram ya karɓi sharuɗɗan a rubuce ya kai wa malaminsa tun bai sa hannu ba, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Daga ƙarshe, abin da banki ya ambata iyaka ce, ba dole ne a kai gare ta ba. Kasuwa yau riba gobe faɗuwa, ga cefane, ga kuɗin makaranta. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya ba mu muhalli na halal, amin. Wassalam.