Baba ta Karo: Mai Littafin da Ba Ta Riƙe Alƙalami Ba

A shekarar 1954 aka buga wani littafi a Landan mai suna Baba of Karo, da sunan Mary Smith a bangonsa. Sai dai kusan duk abin da ke cikinsa daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya ya fito. An haifi Baba a 1877 a Karo, kusa da Zarewa a kudancin ƙasar Kano, ta rasu a 1951, shekara uku kafin littafin ya fito. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta riƙa zama da Mary a Giwa ta ƙasar Zazzau, tana ba da labarin rayuwarta da Hausa, Baturiyar tana rubutawa. A ganina Baba ce mai littafin, kuma ta cancanci a sa ta a sahun marubutan Hausa.

Wani zai ce ai wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ba a kiranta marubuciya. To, Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, wasu ne suka rubuta masa Imfiraji, amma babu wanda ya taɓa cewa waƙar ta magatakardansa ce. A wurin Bahaushe, magana ta wanda ya tsara ta ce. Baba kuwa tsarawa ta yi: ta san inda za ta ja labari, da inda za ta tsaya ta rera waƙar biki ko ta bori, da inda za ta sako tatsuniya. Dubi yadda ta kawo zamanin hari, lokacin da mutanen ƙauye kan kwashi ƴaƴa su gudu cikin ganuwar Zarewa, a kama dangi, a yi ta haɗa wuri ana neman kuɗin fansa. Haka ta bi aurenta huɗu ɗaya bayan ɗaya, da riƙon ƴaƴan dangi tun da ita ba ta haihu ba, da ƙawance, da wankan jego, da zaman bayi a rinji. Duk matar Madarunfa ta ƙasar Maraɗi da aka karanta wa babin aure za ta gane lalle da guɗa da kukan amarya, ko da yake iyakar ƙasa ta raba Maraɗi da Kano. Daɗin daɗawa, tsofaffin yankin Maraɗi suna da nasu ɓangaren na wannan tarihi, domin mayaƙan Maraɗi ma sun sha kai hari kudu a ƙarni na 19.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta hannun Mary. Ita ta yi tambayoyi, ita ta fassara, ita ta jera babi-babi, kuma mijinta M. G. Smith yana binciken zaman jama'ar Zazzau, saboda haka abin da yake nema ya shafi abin da aka tambaya. Wannan gaskiya ne. Amma tambaya ba ta haifar da iya magana. Mary ta tafi wurin Baba ne saboda kulle ya hana mijinta shiga cikin gidaje, ta kuma tarar da mace mai ra'ayin kanta, wadda ta fito fili ta ce su Haɓe sun yi murna da zuwan Turawa don sun gaji da mulkin Fulani da hare-hare. Mai karatu na iya ƙin wannan hukunci, kuma akwai dalilin ƙinsa, amma daga bakin Baba ya fito, cikin zaure da tsakar gidan da ta sani.