Hawan Dutse Kai Kaɗai: Abin da Kyamara Ba ta Nunawa

Duk wanda ya bi hanyar Kachia zuwa Kafanchan ta Zonkwa ya san Kudancin Kaduna ƙasar duwatsu ce. Mafi shahara su ne duwatsun Kagoro, waɗanda mutanen garin suka daɗe suna zaune a kansu kafin yawancinsu su sauko ƙasa a zamanin Turawa. A 'yan shekarun nan samari sun ɗauko wata sabuwar ɗabi'a: mutum ya hau dutse shi kaɗai, ya ɗauki kansa a waya, ya watsa a Facebook ko TikTok. Ni ma na taɓa. Shi ya sa nake son in yi wa mai karatu bayanin yadda abin yake.

A ƙasashen Turawa wannan sana'a ce da kayan aikinta: takalmi mai gindin roba da ke kama dutse, da garin alli na busar da zufar hannu, da igiya. Akwai kuma masu hawa ba igiya sam. Gwaninsu shi ne Alex Honnold, wanda a ranar 3 ga Yuni, 2017 ya hau dutsen El Capitan da ke Yosemite a Amurka, mai tsawon kusan mita 900, cikin awa 3 da minti 56. Fim ɗin da aka yi a kansa, Free Solo, ya fito a 2018 kuma ya ci kyautar Oscar a 2019.

To, a nan ne da yawanmu muke ruɗuwa. Honnold ya fi shekara yana bin wannan hanya ɗaure da igiya, har ya haddace inda zai sa kowane yatsa. Masu ɗaukar hotonsa kuwa ƙwararrun mahaya ne, ƙarƙashin Jimmy Chin. Wato dai kaɗaicin nasa shiryayye ne. Saurayin da ya fita daga Kachia da silifa da waya ɗaya shi ne ainihin wanda yake shi kaɗai.

Kuma ɗaukar kai yana ninka aiki. Sai ka jingina wayar da dutse, ka hau, ka sauko ka ɗauke ta, ka sake hawa. Duk wurin da mai kallo ya ga an wuce sau ɗaya, an bi shi sau uku, kuma sauka ta fi hawa haɗari domin ba ka ganin inda ƙafarka za ta taka. Yanayi ma yana da nasa sharaɗi. Da damina hoto ya fi kyau, ko'ina kore shar, amma dutsen ya yi gansakuka, santsi kamar kuɓewa. Da hunturu dutse ya bushe, sai dai hazo ya ɓata hoton. A ganina wannan ne ke jan mutane su hau a lokacin da bai kamata ba.

Labarin Aron Ralston ya fi kama da namu. A watan Afrilu na 2003 wani ƙaton dutse ya danne masa hannun dama a wani kwazazzabo a jihar Utah. Bai gaya wa kowa inda za shi ba. Yana da kyamara, amma abin da ta yi masa kawai shi ne ɗaukar saƙon bankwana ga iyayensa. Bayan kwana biyar sai da ya yanke hannun da ƙaramar wuƙa kafin ya kuɓuta.

Nawa bai kai haka ba. A hutun bara, bayan mun gama haƙar citta, na hau wani dutse a bayan gonarmu. Ina saukowa ɗaukar waya sai na zame na gurɗe ƙafa. Babu sabis a wurin. Na yi ihu da harshenmu na Adara, shiru. Na koma Hausar da na koya a kasuwa, sai wani yaro makiyayi ya ji ni. Da ya iso ya ce, "Yaya, me ka zo nema a nan?" Na nuna masa wayar, wadda har lokacin tana ɗaukar sararin sama. Shi ya ara mini sandarsa, muka sauko a hankali, kuma mahaifiyata ba ta san na je wurin ba sai da ta ga ƙafar ta kumbura.