Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Zubar Taurari Da Wayarka A Tsakiyar Damina

Kowace shekara, a daren 12 zuwa wayewar 13 ga Agusta, duniya na ratsa ƙurar da tauraruwa mai wutsiya Swift-Tuttle ta bari a hanyarta. Ɓurɓushin, wanda galibi bai wuce ƙwayar yashi ba, yana shigowa iskar duniya da gudun kilomita 59 a daƙiƙa ɗaya, ya ƙone. Shi ne muke cewa tauraro ya faɗo. Masana na kiran wannan zuba Perseids.

Mutanen Kuki da ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi suna da abin da mazauna birnin Katsina ba su da shi, wato duhu na gaske. Matsalar ita ce Agusta ne tsakiyar damina, hadari kan rufe sama. Saboda haka kada ka dogara da dare ɗaya. Zubar takan ɗauki makonni, kuma daren da aka sheƙa ruwa sama ta washe ya fi kowanne, domin ruwan ya wanke ƙura. Ka duba kwanan watan Musulunci ma: farin wata na sha huɗu yakan dusashe ƙananan taurarin.

Yawancin wayoyin Tecno, Infinix, Redmi da Samsung na da tsarin Pro a kyamararsu. Ka sa ISO tsakanin 1600 da 3200, lokacin ɗauka daƙiƙa 15 zuwa 20, ka kai saitin nisa ƙarshe, ka kashe filasha. Hannu ba zai iya riƙe waya cak tsawon haka ba. In babu sandar kyamara mai ƙafa uku, kifa turmi ka jingina ta da dutse, ka sa jinkirin daƙiƙa uku don taɓawarka kada ta girgiza hoton. Raɓa kan rufe gilashin, ka riƙa gogewa.

Daga ƙarfe biyu zuwa kiran assalatu ne lokaci mafi kyau. Nemi Kaza da 'ya'yanta a gabas, daga hagunta zubar ke tasowa. Ka yi ta ɗauka, domin cikin hotuna ɗari wataƙila biyu ko uku ne za su kama.

Da halin tsaron yankin, kada hoto ya kai ka bakin madatsar Zobe ko gona da dare. Tsakar gida ko saman soro sun wadatar, a kashe fitilar sola kawai.