Ƙugiyar da Ke Raba Baƙi da Baki

Ranar wata Asabar ina gidan yayata a Edmonton, arewacin Landan, muka kira mahaifiyarmu a Katsina ta bidiyo. Hajiya ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, don haka yayata ta rubuta wa 'yarta mai shekara tara gaisuwa a waya, ta ce ta karanta wa kakarta. Yarinyar ta gyara zama, ta karanta abin da ta gani: "Hajiya, ina wuni? Yaya kafa?"

Hajiya ta fashe da dariya. "Wace kafa, 'yar nan? Ta ɓera?"

Wasan jika da kaka ne, kowa ya san haka, amma yarinyar ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta miƙa wa uwarta waya ta shige ɗaki, kuma har na bar gidan ba ta sake furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. A motar haya, kan hanyar komawa, na yi ta juya abin a raina. Yarinyar ba ta yi kuskure ba, abin da aka rubuta mata shi ta karanta. Uwarta ce ta rubuta k inda ya kamata ta rubuta ƙ, kamar yadda ni ma nake yi kullum idan ina sauri.

Mu da muka tashi a gida ba ma jin wannan rashi, domin kunnenmu ya riga idonmu sanin kalmar. In muka ga "kasa" mun san ko ƙasar haihuwa ake nufi ko macijiya. In muka ga "kura ta tashi" mun san ba dabba ba ce. Yaron da aka haifa a nan kuwa, wanda ke jin Hausa daga bakin mutum biyu ko uku kacal, rubutun da yake gani a waya yana cikin malamansa. In malamin ya ce k, to k zai faɗa.

Shi kansa harafin k ya yi doguwar tafiya kafin ya iso gare mu. Asalinsa daga rubutun Finikiyawa ne, mutanen gaɓar tekun da ke Labanon a yau, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Suna kiransa kaf, wato tafin hannu, kuma daga tushen nan ne kaf ɗin Larabci ya fito. Girkawa suka ara suka kira shi kappa, daga baya ya shiga rubutun Rumawa. Su Rumawan ba su ba shi aiki sosai ba, sun fi son c, sai a 'yan kalmomi irin su Kalendae, ranar farko ta wata, wadda daga gare ta muka samu kalanda.

Da Turawa suka fara rubuta Hausa da waɗannan haruffa, sai suka ci karo da sautin da babu shi a harsunansu. Ƙ ba k mai ƙarfi ba ne kawai. Mai magana yana toshe maƙogwaro, ya matse iskar da ke bayan harshe, sannan ya sake ta da 'yar fashewa. J. F. Schön, ɗan mishan Bajamushe, ya buga littafin nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, amma an daɗe bayan haka ba a tsaya kan hanya ɗaya ta nuna wannan sauti ba. Wasu ba su bambanta shi da k ba sam, wasu suka sa ɗigo a ƙarƙashin harafin, wasu suka rataya masa waƙafi a sama. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. A 1926 aka kafa wata cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a nan Landan, wadda ta ba da shawarar a ƙera sababbin haruffa maimakon ɗige-ɗige. A shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutun boko. Littattafan hukumar talifi ta Zariya, inda Rupert East da Abubakar Imam suka yi aiki, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, sun taimaka wajen kai su ajujuwa da zauruka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne malamanmu na ajami sun warware matsalar tun kafin zuwan boko. Sun ba wa k kaf, suka ba wa ƙ ƙaf. Shi kuma ƙaf ɗin Larabci kakansu ɗaya da harafin q na Turawa. Saboda haka 'yan matan da ke rubuta "qauna" da "qasa" a WhatsApp da littattafan intanet, ko sun sani ko ba su sani ba, sawun malaman zaure suka bi. Ba ya cikin ƙa'ida, kuma ba zan sa shi a kundin digirina ba, amma na daina yi musu kallon raini. Aƙalla sun ƙi yarda sautin ya ɓace.

Duk wanda ya taka Fore Street daga Angel zuwa Edmonton Green zai ga yadda wasu al'ummu suka yi da irin wannan matsala. Allunan shagunan Turkawa cike suke da ş da ğ, haruffan da suka ɗauka a 1928, kuma ba sa jin kunyar liƙa su a kan titin Ingila. Somaliyawa kuwa, da suka tsayar da rubutunsu a 1972, sun zaɓi hanyar da ba ta buƙatar sabon harafi ko ɗaya: suka ba wa c da x da q sabon aiki, ta yadda kowace tafireta za ta iya buga harshensu. Mu mun zaɓi irin hanyar Turkawa, muka ƙera namu, amma sau da yawa muna rubutu kamar ba mu da su.

A da muna da uzuri. Tafiretocin da aka saba da su ba su da ƙugiya, sai mai bugu ya bi da alƙalami ya lanƙwasa. Har yau layin da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo ba ya ɗaukar komai sai A zuwa Z da lambobi, shi ya sa duk mai ƙ a sunansa yake ajiye ƙugiyarsa a filin jirgi. Amma a waya da kwamfuta uzurin ya ƙare. Harafin yana cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Saka shi ba ya kai minti biyu.

Malaman nahawu suna kiran k da ƙ da 'yan uwansu baƙaƙe, ɗaya kuma baƙi. Mu ma a wannan gari baƙi ne. Cire ƙugiyar, sai a bar mu da baki. Na kawo wa 'yar yayata wannan misali da na koma gidan bayan mako biyu, ɗauke da takarda da biro. Muka jera kalmomi biyu-biyu: kafa da ƙafa, kura da ƙura, kona da ƙona. Na sa ta ɗora yatsa a maƙogwarona don ta ji yadda yake motsawa in na ce ƙ. Ta gwada ya fi sau goma, yana fita k, har ta fara ƙosawa.

"Anti, me ya sa ba ku rubuta shi a waya in yana da muhimmanci?" in ji ta.

Ban sami amsar da zan ba ta ba. A nan take na karɓi wayar uwarta na saka allon Hausa, na saka a tawa ma. Yanzu duk saƙon da zan aika gidan sai na duba ƙugiyoyinsa, ko da zai ci mini lokaci. Yarinyar ba ta gama kama sautin ba tukuna, wani lokaci yana fita, wani lokaci yana zillewa. Amma makon jiya ita ta nemi a kira Katsina, kuma da ta tambayi Hajiya jikinta, ƙafa ta ce.