Jinyar Ciwon Daji a Gidan Kirista: Nauyin da Ke Kan Miji da Mata a Yankin Jega da Aliero

A ƙasar da ta haɗa Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, inda garuruwa irin su Jiga Makera da Jiga Birni suka dogara ga noman albasa da gero da abin da fadama ke bayarwa, Kiristoci 'yan tsiraru ne, kuma da yawa daga cikinsu aikin gwamnati ko kasuwanci ko karatu ne ya kawo su daga Zuru da Yawuri da kudancin ƙasar nan. Wannan zama na nesa da gida yana da tasiri mai girma a kan jinya, domin wanda danginsa ba sa kusa, idan doguwar cuta ta kwantar da shi, ba shi da madogara sai abokin aurensa, sai ikkilisiya, wato taron masu bi da yake sujada tare da su, sai kuma maƙwabtan da zaman tare ya mayar 'yan'uwa. A cikin cututtukan da ke gwada wannan madogara babu kamar ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa, cutar da ke faruwa idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka riƙa hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba har su zama ƙari, su ci naman da ke kewaye da su, daga bisani su bazu zuwa wasu sassan jiki.

Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa fiye da mutum 120,000 ne ke kamuwa da cutar a Nijeriya a shekara, kusan 80,000 kuma ke mutuwa, kuma sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba a wajen mata. Maganinta iri uku ne a mafi yawan lokuta: tiyata don cire ƙarin, da kemo, wato magani mai ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya sau da yawa bayan kowane mako uku, da kuma gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi daga na'ura, wanda akan yi kwana biyar a mako har tsawon makonni. Mutumin Aliero yakan fara da asibitin garinsu, a tura shi Birnin Kebbi, idan kuma gashi ya zama dole sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A duk waɗannan wurare mai jinya shi ne ƙashin bayan aikin, domin shi ke bin layin biyan kuɗi, ya sayo magani, ya nemo masu ba da jini, ya karɓo sakamakon gwaji, ya yi wanki, ya kwana a baranda. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, wanda ya bi bayanan majinyata fiye da 700,000, ya gano cewa masu aure sun fi zuwa asibiti kafin cutar ta bazu, sun fi karɓar cikakken magani, kuma sun fi tsira da ransu. Idan haka abin yake a ƙasar da ma'aikatan jinya ke ɗauke da yawancin wahalar, to a Kebbi, inda iyali ke ɗauke da ita, zaman miji ko mata a gefen gado wani ɓangare ne na maganin kansa.

Akwai wani bincike na 2009, shi ma daga Amurka, wanda bai kamata a ɓoye shi ba: a cikin ma'auratan da ɗayansu ya kamu da cuta mai tsanani, auren ya mutu a kusan kashi 21 cikin ɗari idan matar ce ba ta da lafiya, amma kusan kashi 3 kawai idan mijin ne. Alƙaluman na wata ƙasa ne, amma duk wanda ya san yadda akan mayar da mace gidan iyayenta da sunan jinya bayan an cire mata mama zai gane halin. Alkawarin da ma'aurata Kiristoci ke ɗauka a gaban ikkilisiya ranar ɗaurin aure ya ambaci rashin lafiya ƙarara, saboda haka mijin da ya janye jiki a irin wannan lokaci, ko da yana aika kuɗi, ya bar wani abu da babu mai iya cika masa.

Matsayin addu'a a cikin wannan jinya shi ne wurin da ya fi bukatar natsuwa, domin a nan ne bangaskiya ke iya zama ƙarfi, a nan ne kuma gurguwar fahimta ke iya jawo asarar rai. Mutanen wannan yanki suna da dalilin amincewa da maganin gida, tun da Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa wajen ɗorin karaya, kuma akwai tsohuwar magana da ta yaɗu cewa ciwon daji ba ya son allura ko wuƙa, wai da zarar ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata. Asalin wannan zato ba ɓoyayye ba ne: yawancin masu cutar ba sa isa asibiti sai ta riga ta bazu, saboda haka idan aka yi aiki mutum ya rasu bayan 'yan watanni, sai a ɗora wa wuƙar laifin da jinkiri ya yi. Idan wannan tsoro ya haɗu da wa'azin da ke cewa shan magani alamar raunin bangaskiya ne, sai a ga iyali sun kwashe watanni tsakanin gidan addu'a da mai sassaƙe, ƙarin da a farko bai wuce ƙwallon goro ba ya fashe ya zama gyambo. Watannin nan su ne sau da yawa ke raba sankarar da za a iya warkarwa da wadda sai dai a rage raɗaɗinta.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa tun 1932, bai goyi bayan wannan wa'azi ba. Wasiƙar Yakubu ta umurci mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a su shafe shi da mai, amma babu inda ta hana neman magani, kuma Luka, marubucin ɗaya daga cikin Bisharu huɗu, likita ne. A Bisharar Yohanna, da almajirai suka nemi sanin ko zunubin wane ne ya jawo makantar mutumin da aka haifa makaho, Yesu Almasihu ya kore zaton gaba ɗaya, kuma a littafin Ayuba abokan da suka nace cewa wahalarsa hukuncin laifi ce su ne Allah ya tsawata wa a ƙarshe. Wannan yana da amfani na zahiri ga mai jinya, domin masu zuwa dubiya ba duka ne ke zuwa da magana mai daɗi ba. Wani zai ce sammu ne, wani zai ce akwai zunubin da ba a furta ba, kuma aikin miji ko mata ne su tsare kunnen majinyaci daga irin wannan. Addu'ar da Yesu ya yi a Gatsemani, inda ya roƙi a ɗauke masa wahala sannan ya miƙa kai ga nufin Uba, ta nuna cewa mai bi yana da iznin roƙon waraka da dukan zuciyarsa, yana da iznin kuka kamar yadda Zabura ke cike da shi, ba tare da ya ɗauki rashin samun abin da ya roƙa a matsayin shaidar cewa an yashe shi ba.

Daga wannan fahimta ne wasu hukunce-hukunce na yau da kullum ke fitowa. Azumi ibada ce mai daraja a ikkilisiya, amma wanda ke karɓar kemo yana bukatar abinci da ruwa, don haka idan za a yi azumi dominsa, lafiyayyu ne za su ɗauka. Kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, musamman a mako na biyu bayan ɗuri, kuma zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan lokaci lamari ne na gaggawa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ce maleriya ce, a sayo magani a kemis, a yi addu'a a jira safiya, alhali ma'aunin zafin jiki mai araha da lambar wayar likita na iya ceton rai. Sankara kuma ba ta yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a ɗaki ɗaya, kuma matar da gashin kanta ya zube tana lura ƙwarai da ko mijinta yana zama kusa da ita kamar dā.

Batun kuɗi shi ke karya yawancin gidaje, domin akan sayar da albasar da aka adana don jiran tsada, a bi da dabbobi, wani lokaci har gona, duk da haka maganin ya tsaya a tsakiya, kuma kemon da aka yanke bai cika yin aikin da aka nufa ba. Gwamnatin Tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa galihu masu sankara a 2021, kuma Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid ta yaƙi da cutar, ta yi aikin wayar da kai da gwaji a Kebbi a shekarun da mijinta yake gwamna, daga 2015 zuwa 2023. Ya dace mai jinya ya tambayi sashen walwalar majinyata na asibiti game da irin wannan tallafi tun ranar farko. Ikkilisiya ma za ta fi amfani idan baikon da take tarawa ya bi jadawalin magani maimakon a bayar da shi sau ɗaya, kuma Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikkilisiya da ta shahara a arewa, ta fi kowa iya raba kwanakin girki da kula da yara don mai jinya ya samu barci. Maƙwabta Musulmi, waɗanda duba mara lafiya ibada ce a wurinsu, sukan kasance cikin masu ba da jini da aron mota.

Idan likitoci suka tabbatar cewa waraka ta wuce, jinya ba ta ƙare ba, manufarta ce ta sauya zuwa sauƙaƙa wahala. Cicely Saunders, Kirista 'yar Ingila da ta buɗe gidan kula da masu jinyar ƙarshe na St Christopher a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗin irin wannan majinyaci ya haɗa ciwon jiki da damuwar zuciya da ta iyali da ta ruhu, kuma Anne Merriman, likitar da ta yi aiki a Nijeriya kafin ta kafa irin wannan hidima a Uganda a 1993, ta nuna cewa ruwan mofin mai araha da ake sha a gida bisa umurnin likita yana kashe ciwo mai tsanani. Neman wannan magani haƙƙin majinyaci ne, haka nan sanin gaskiyar halin da yake ciki idan ya tambaya, domin sai da wannan sani zai iya yin wasiyya, ya shirya da waɗanda suka saɓa, ya faɗi inda yake so a kai 'ya'yansa, ya kuma nemi fasto ko fada ya kawo masa Jibin Ubangiji tun yana cikin hayyacinsa.