Maganin Ƙaya a Tayar Keke

Manoma, kun dai san ɓarnar da tsidau da ƙayar aduwa su ke yi wa keke a hanyar gona. To, akwai taya maras tiyub, wadda a kan ɗura wa wani ruwa a ciki. Da ƙaya ta huda, sai iska ta turo ruwan cikin hujin, ya daskare, ya toshe.

Ruwan nan iri biyu ne. Na fari na ƙaron roba ne, kamar madara. Shi ya fi saurin toshe huji, amma ya kan bushe cikin wata 2 zuwa 6, zafi kuwa ya kan gaggauta bushewarsa. Na biyu mai kauri ne, da ƙananan zare a ciki. Ya fi jimawa, sai dai ba shi da saurin kamawa.

Saboda haka wanda ya ke ratsa ƙaya kullum, gara ya zaɓi na roba, ya riƙa dubawa duk wata 2. Babbar taya ta kan sha mililita 60 zuwa 120. A girgiza kwalbar tukuna, kada kuma a gauraya iri biyu. Amma fa in tsaga ta wuce milimita 6, sai faci.