Kalmar Turanci Ba Ta Tafiya Ita Kaɗai

Duk wanda ya zauna a ajin sakandare ya taɓa jin wani ya juya wajen na kusa da shi ya ce, "Borrow me your biro." Ba mai tsayawa tambaya, a miƙa biro a ci gaba da rubutu. Amma ranar da wannan jimla ta shiga takardar WAEC ko NECO, mai duba takarda zai zagaye ta da jan biro, domin daidai shi ne "Lend me your biro."

Da yawanmu mun yi wannan kuskure, kuma ba daƙiƙanci ne ya jawo shi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Hausa muna cewa "na ari littafi" da "na ara masa littafi", ko "na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi". Tushen kalmar ɗaya ne, ƙarshenta kawai ke sauyawa. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu: mai karɓa shi ke da "borrow from", mai bayarwa shi ke da "lend to". Ɗalibin ya san kalmar Turanci, sai dai ya ɗora ta a kan tsarin Hausa.

Abin da muke so mu riƙe a wannan mako ke nan: kowace kalma tana da abokan tafiyarta. Wanda ya haddace ma'anarta kaɗai, rabin aiki ya yi.

Mu fara dubawa daga gida. Kalmar "ci" nawa take da abokai? Muna cin abinci, mu ci jarrabawa, mu ci ƙwallo, mu ci bashi, ɗan takara ya ci zaɓe, mugun aboki ya ci amana. Ba malamin da ya zaunar da mu ya koya mana wannan jeri, kunne ne ya ɗauka tun muna ƙanana. A Turanci kowanne da kalmarsa: "eat food", "pass an exam", "score a goal", "take a loan", "win an election", "betray a trust". Haka "sha" take. Mu muna shan magani ko da ƙwaya ce, su kuwa "take medicine" suke cewa. Haka kuma "ji": muna jin magana, mu ji ƙamshi, mu ji sanyi, amma a can "hear" ta kunne ce kawai, hanci na da "smell", jiki na da "feel".

Inda ƙafa ta fi zamewa shi ne wajen "yi". Wannan 'yar kalma tamu ta rabu biyu a Turanci, wato "make" da "do", kuma ba wata doka guda da za ta warware kowane hali. Ana cewa "make a mistake", "make noise", "make an effort", amma "do your homework", "do the dishes", "do me a favour". Hanya mafi sauƙi ita ce a haddace su bibbiyu, kamar yadda muka san tuwo da miya.

Sai kuma 'yan ƙananan kalmomin nan irin su "at", "on", "in", "to" da "of". Ƙanana ne, amma suna kayar da manya. Wanda ya iya lissafi "good at Mathematics" ne. Sha'awa tana tafiya da "in", wato "interested in"; tsoro da "of", wato "afraid of"; dogaro da "on", wato "depend on". In za a taya abokiya murnar cin jarrabawa, "congratulate her on her success" ake cewa. Akwai kuma aikatau da ba sa son ɗan rakiya ko kaɗan. "Discuss the matter" daidai ne, ƙara "about" a tsakiya kuskure ne. Haka "order food" da "request permission", ba sa bukatar "for".

Wasu aikatau kuma suna zaɓen siffar aikatau ɗin da zai biyo bayansu. Bayan "want", "decide" da "refuse" sai "to": "I want to read." Bayan "enjoy", "avoid" da "finish" sai mai ƙarewa da "ing": "I enjoy reading." A wasu wurare ma sauya tsari sauya ma'ana ne. "He stopped talking" na nufin ya yi shiru, "He stopped to talk" kuwa ya tsaya ne don ya yi magana. Masu rubuta wasiƙa a jarrabawa su lura: "I look forward to seeing you" ake rufewa da shi, ba "to see you" ba.

Wani zai ce, tunda ana gane mu, mene ne abin damuwa? Amsar tana cikin maki. A jarrabawar Turanci ta WAEC ana neman insha'i na kalmomi kusan 450, kuma maki 50 ne a kansa: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kauce wa kurakuran nahawu da rubutu. A wannan kashi na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci. Kurakurai 20 sun isa su share shi kakaf. Ga shi kuma ba a shiga jami'a a Najeriya sai da kiredit a Turanci. Ɗalibi ya yi fice a Kimiyya da Lissafi, amma "on" da "at" su zaunar da shi gida shekara guda, ai abin takaici ne.

Ba mu kaɗai ke fama ba. Wani malami ɗan Ingila, A. S. Hornby, ya yi shekaru yana koyar da Turanci a Japan, inda ya ga ɗalibansa sun san ma'anar kalmomi amma haɗa su na ba su wuya. Wannan ya sa ƙamus ɗin da ya shirya, wanda Oxford ta buga a 1948, bai tsaya ga ma'ana ba, ya nuna yadda kalma ke zama a cikin jimla. Shi ne asalin Oxford Advanced Learner's Dictionary da muke gani a ɗakin karatu na makarantu. Mu daina karanta ma'ana mu rufe, mu sauka ƙasa mu karanta misalan, nan amfanin yake.

To, yaya za mu yi? A ware ƙaramin littafi guda. Duk sabuwar kalmar da muka tsinta a jarida, ko littafin adabi, ko labaran rediyo, kada mu rubuta ta tsirara. A rubuta ta tare da abokiyarta, sannan a gina jimla ɗaya a kan rayuwarmu, a faɗe ta da ƙarfi har kunne ya saba. Biyar a rana sun isa, a mako guda an tara 35. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga aikin wannan mako. A gyara waɗannan jimloli uku, a nuna wa malamin Turanci: "Please explain me the answer." "She is married with a doctor." "We enjoyed to play football." Wanda ya gyara duka ukun, ya taimaka wa na kusa da shi, ya kuma ara masa biro in ya nema.